Daga Sule Ɗaya Zuwa Gaban Kyamara: Yadda Ingila Ta Sauya Ra'ayi Kan Yanyawa

Duk ƙarshen watan Afrilu, masu ɗaukar hoto a Ingila sukan fita da asuba su laɓe a gindin shinge, suna jiran 'ya'yan yanyawa su leƙo daga rami. An haife su ne a watan Maris, huɗu ko biyar a ciki ɗaya, ba gani ba ji, da gashi baƙi-baƙi. Idanunsu kan buɗe cikin mako biyu, shuɗaye, sai sun yi kusan wata guda sannan su fara fitowa wasa a bakin rami. Hotonsu yana samun dubban masu yabawa a intanet. Amma shekara 460 da suka wuce, wanda ya gano wannan ramin kuɗi ya tsinta, domin hukuma tana biyan lada a kan kowane kai.

Kafin mu yi nisa, mu raba ta da dila, don ana yawan haɗa su. Dila ya fi girma da tsayin ƙafa. Yanyawa ƙarama ce, mai siririn baki da jela mai gashi buzu-buzu. Wadda ake gani a yankin Sahel fara-fara ce kalar rairayi, ta Ingila kuwa ja ce mai farin ƙirji.

A 1566, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, majalisar Ingila ta yi dokar kare hatsi, wadda ta jera dabbobi da tsuntsayen da aka ɗauka maɓarnata. Masu kula da cocin kowane ƙauye su ne ke biyan ladan. Kan hankaka uku kwabo ɗaya ne, amma kan yanyawa ɗaya kwabo 12, wato sule guda, fiye da abin da lebura ke samu a yini. Dalilin a fili yake: talaka mai kaji goma da 'yan raguna ba ya ganin kyan dabbar da ke shiga akurkinsa da dare.

Sai kuma masu kuɗi suka shigo. A ƙarni na 18 barewar da sarakai suka saba farauta ta yi ƙaranci, sai suka koma kan yanyawa. Wani attajiri, Hugo Meynell, wanda ya karɓi jagorancin ƙungiyar farauta ta Quorn a 1753, ya yi kiwon karnuka masu gudu da ƙarfin shinshina, ya mayar da abin tseren dawaki a fili. To, nan fa lissafi ya juye. Mai son farauta yana bukatar abin farauta, don haka masu filaye suka fara shuka kurmi domin yanyawa ta samu mafaka, har da gina mata ramuka. A ƙarni na 19, in ta yi ƙaranci, sai a sayo daga ƙasashen Turai ta kasuwar Leadenhall da ke Landan a saki. Manomin da ya harbe ta da bindiga ya zama abin tsana a wurin manya. Kar ka ɗauka tausayi ne. A farkon kaka akan kai ƙananan karnuka kurmi su koyi kisa a kan 'ya'yan yanyawar da aka haifa a shekarar.

Wannan sha'awa har teku ta ƙetare. Turawan da suka zauna a Ostareliya sun saki jan yanyawa a can domin farauta, ta kafu a shekarun 1870, ta bazu, ta kuma taimaka wajen ƙarar da ƙananan dabbobin ƙasar da ba su san ta ba. Har gobe a can abokiyar gaba ce.

A Ingila kuwa, abu biyu ne suka sake juya tunanin jama'a. Na farko, yanyawa ta shigo gari. Daga shekarun 1930, unguwannin bayan gari masu lambu a kowane gida suka yawaita, ita kuma ta samu wurin haihuwa a ƙarƙashin rumfunan ajiya. Mutumin da ba shi da kaza ko ɗaya ya fara ganin ta ta tagar kicin. Na biyu shi ne kyamara. Tun 1895 'yan'uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, suka fitar da littafi kan sheƙar tsuntsaye wanda hotuna zalla suka ƙawata. Don kada tsuntsu ya tsorata, har cikin fatar sa da aka cusa wa kaya Richard yakan shiga ya laɓe da kyamararsa. Darasinsu shi ne ka ɓuya, ka bar dabba ta yi harkarta. A 1979 BBC ta kafa kyamarori masu gani a duhu a makwancin wasu yanyawa a birnin Bristol, ta riƙa nunawa cikin dare. Mutane suka ga uwa tana kula da 'ya'yanta, abin da mahayin doki a bayan karnuka bai taɓa tsayawa ya kalla ba.

A Bristol ɗin dai, masanin dabbobi Stephen Harris ya shafe shekaru yana bin diddiginsu, aka gano cewa kaso mai yawa na abincinsu mutane ne ke ajiye musu da gangan. Yawansu ya ƙaru sosai, sai a 1994 cutar ƙazuwa ta ɓarke, cikin shekara biyu ta kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari.

Rigimar ta kai majalisa. A Satumban 2002 mutane kusan 400,000 suka yi maci a Landan don kare al'adun karkara, farauta a kan gaba. Duk da haka aka zartar da doka a 2004, kuma daga 18 ga Fabrairu 2005 farautar yanyawa da garken karnuka ta haramta a Ingila da Wales. Dokar ba ta hana harbi ba. Ra'ayi ma bai zauna wuri ɗaya ba: a 2010, da wata yanyawa ta shiga gida a Landan ta ciji jarirai tagwaye, jaridu suka koma kiran a kashe.

A duk tsawon wannan tarihi, yanyawa ba ta sauya hali ba. Tana cin ɓera da zomo da tana, tana ɗaukar kaza in ta samu ƙofa. Abin da ya sauya shi ne wanda ke kallon ta, da abin da zai samu ko ya rasa a kanta. Mai kyamara ma yana cikin lissafin. In ya matsa bakin rami da yawa, uwar takan kwashe 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya ta sauya wuri, wani lokacin ta tsallaka titi da su a baki. In ya jefa nama don su matso, ya koya musu sabo da mutum, kuma mutum na gaba ba lallai kyamara ce a hannunsa ba. Dama da yawa daga cikinsu ba sa cika shekara guda, mota ce ke kashe akasarin na birni. Don haka ƙwararru ke tsayawa nesa, iska na kaɗowa daga ramin zuwa gare su, su yi amfani da dogon gilashin kyamara, kuma ba sa faɗa wa kowa inda ramin yake.