Hanyar Navajo Loop

Navajo Loop hanya ce ta tafiyar ƙafa da ke cikin gandun shaƙatawa na ƙasa na Bryce Canyon, a kudancin jihar Utah ta Amurka. Tsawonta kimanin kilomita 2 ne. Tana farawa daga wurin kallo na Sunset Point, ta gangara cikin kwari, ta zagayo ta dawo inda ta fara. Masu yawon buɗe ido kan kammala ta cikin awa ɗaya zuwa biyu.

Duwatsun wurin

Abin da ya sa hanyar ta yi suna shi ne dogayen duwatsu masu tsini, jajaye da ruwan goro, waɗanda ake kira hoodoo. Sanyi ne ke sassaƙa su. Bakin kwarin ya haura mita 2,400 sama da teku, don haka ruwan da ya shiga tsagar dutse da rana yakan daskare da dare. Ƙanƙara ta fi ruwa cin wuri, sai ta ƙara buɗe tsagar. Hakan na faruwa fiye da kwana 170 a shekara, har dutsen ya rabu gida-gida. Fitacce a cikinsu shi ne Thor's Hammer, mai siffar guduma.

Sassan hanyar

Hanyar tana da ɓangare biyu. Wall Street matsatsiyar hanya ce tsakanin dogayen bangayen dutse, ana gangara mata ta kwana-kwana. Ɗaya ɓangaren, Two Bridges, yana wucewa kusa da gadoji biyu na dutse da ruwa ya ƙwaƙule. Mutane da yawa kan haɗa ta da hanyar Queen's Garden, tafiyar ta kai kusan kilomita 4.6.

Tarihi

An sa wa wurin sunan Ebenezer Bryce, wanda ya zauna a yankin a shekarun 1870. Ya zama gandun ƙasa a 1928.

Haɗurra

Zaizayar da ta ƙera duwatsun ita ce kuma babbar barazana ga matafiya. Akan rufe Wall Street a lokacin hunturu saboda faɗowar duwatsu, kuma a 2006 zaftarewar dutse ta toshe ta. Gangarawa ba ta da wuya, amma hawan dawowa na kimanin mita 160 kan gajiyar da mutum saboda ƙarancin iskar shaƙa a tudu. Hukumar gandun tana shawartar matafiya su sa takalmi mai ƙarfi, su ɗauki isasshen ruwa, su kuma fake idan hadari ya taso, saboda tsawa.