Mai Rababa da Akwatin Rediyo a Birnin Alƙahira

Kafin zuwan rediyo, mawaƙi ne ke raya dare a gidajen gahawa na Alƙahira. Yakan zauna bisa benci da rababarsa, wadda ta yi kama da kukuma, ya rera labarin Banu Hilal, Larabawan nan da suka yi ƙaura daga Masar zuwa Tunisiya a ƙarni na 11, da jaruntakar Abu Zaidu. Daga bakinsa wanda bai yi karatu ba yake jin tarihin kakanninsa.

A 1934 aka buɗe rediyon gwamnatin Masar, a 1935 kuma Tal'at Harb ya kafa Studio Misr. Ummu Kulsum ta ci moriyar duka biyun: ta fito a fim ɗin Widad a 1936, ta kuma riƙa waƙa a rediyo kowace Alhamis ta farkon wata, ana saurarenta har Bagadaza. Ba banza ba Najib Mahfuz ya buɗe littafinsa Zuƙaƙul Midaƙ (1947) da korar wani tsohon mawaƙi daga gidan gahawa, domin ana kafa akwatin rediyo.

Amma daga baya akwatin nan ya biya bashinsa. Abdurrahman al-Abnudi ya ɗauki labarin daga bakin Jabir Abu Husaini, aka watsa shi ta rediyo, har birni ya sāke jin muryar ƙauyukan kudancin Masar.