Wa Ya Ɗinka Rigar Zuwa Wata?



Dukanmu mun haddace a aji cewa ran 20 ga Yuli, 1969, Neil Armstrong da Buzz Aldrin na Amurka suka sauka a kan wata. Abin da ban taɓa tambaya ba a lokacin shi ne: wa ya ɗinka musu riga?

A kan wata dai babu iskar shaƙa, kuma zafin rana yakan wuce digiri 100. Dole rigar ta riƙe iska kamar tayar mota. To, nan gizo ke saƙa, domin riga in an hura ta sai ta sandare, mutum ya kasa tanƙwara gwiwa.

Wanda ya warware matsalar shi ne kamfanin International Latex Corporation na garin Dover, jihar Delaware, wanda aka sani da yin rigar mama mai suna Playtex. Da yake sun san sirrin roba, sai suka yi wa gwiwa da kafaɗa gaɓoɓi masu ninki-ninki.

Ran 27 ga Janairu, 1967, gobara ta halaka 'yan sama jannati uku a cikin kumbon Apollo 1 ana gwaji a ƙasa. Daga nan aka yi wa rigar mayafin zaren gilashi wanda ba ya cin wuta. Rigar da Armstrong ya sa, watau A7L, tana da ruɓi 21. Daga ciki akwai 'yar shara mai siraran bututun ruwa don sanyaya jiki, a baya kuwa jakar iska. Nauyinsu duka kimanin kilo 80 ne a duniya, a wata kuwa kashi ɗaya bisa shida na haka.

Mata ne suka ɗinka ta da keken ɗinki, kuma ba a yarda ɗinki ya kauce ko da milimita ɗaya ba. Har hoton asibiti akan ɗauki rigar, kada a manta fil a ciki.

Mutum 12 suka taka wata daga 1969 zuwa 1972, duk suka dawo gida da ransu. Sunayen matan nan ba su cikin littattafanmu, amma da ɗayarsu ta yi ha'inci, da an yi makoki. Nakan tuna da su duk sa'ad da na ji kamar in sa hannu a fayil ban karanta ba. Kome ƙanƙantar allura, ƙarfe ce.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.