Daga Kasuwar Nama Aka Fara Gane Kifin Wel

A watan Yulin 2024 teku ta tofo gawar wani kifin wel a gaɓar Otago ta ƙasar Niyu Zilan, gwajin ƙwayoyin halitta kuma ya tabbatar da cewa nau'i ne da ba a taɓa tabbatar da ganinsa da rai ba. A da can, ƙoƙon kai da haƙora masana ke dubawa, kuskure kuwa ya yi yawa. Wasu kifayen wel da suka mace a Kalifoniya tun daga 1975 an jingina su ga wani nau'i, sai a 2002 aka gane sabon nau'i ne.

Ana yawan cewa fasaha ce ta kawo wannan sauyi, wato hanyar karanta ƙwayoyin halitta da Frederick Sanger ya fitar a 1977. Gaskiya ne ba don ita ba da babu gwajin, amma wuƙa ba ta yanka sai da mai riƙe ta. A ganina rigimar kasuwa ce ta ba aikin ƙafa. Bayan haramcin farautar wel don ciniki ya fara aiki a 1986, naman bai bar kantunan Jafan ba, ido kuma ba ya bambanta tsoka da tsoka. A 1994 Scott Baker da Stephen Palumbi suka wallafa gwajin naman da aka sayo a can, suka nuna har da na nau'in da aka hana kamawa. Daga nan tattara bayanan kowane nau'i ya zama dole, da irin wannan rumbu ne kuma aka gane ɗan wel ɗin da ya mace a gaɓar Muritaniya a 2013, nau'in Omura da sai a 2003 aka raɗa masa suna.

Wani zai ce ina ruwanmu a Jega da teku. Ai muna da ayu a kogin Neja wajen Yawuri, wanda tun 2013 aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe, ga kuma man ayu ana tallarsa a kasuwanninmu. Idan na jabu ne an cuci mai saye, idan na gaske ne ana ƙarar da dabbar. Ya kamata jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ta fara gwada nama da fatar da ake sayarwa da sunan ayu.