Jakar Mai Hoto a Ƙasar Birnin Gwari

Mai karatu, idan ana zancen tarihin hoto, kyamara ake yaba wa, ba a tuna abin da ya ɗauko ta. Alhali kuwa a ƙasa irin tamu ta Birnin Gwari, inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, damina kuma ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya, kyamarar da ba ta da mazubi na kirki ba ta yin shekara biyu.

Mun taso mun tarar da mai hoto na tasha da akwatinsa na katako mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Wannan bai bukaci jaka ba, domin akwatin shi ne kyamarar, shi ne kuma ɗakin wanki, a ciki yake tsoma takardar cikin magani. In an tashi kasuwa sai ya naɗe ƙafafun ya saɓa a kafaɗa. Da ƙananan kyamarori masu fim suka yawaita, irin su Yashica, sai kaya suka rarrabu: ga gilashi, ga fitila, ga batir, ga fim wanda ba ya son zafi, wanda kuma sai an kai Kaduna, tafiyar kusan kilomita 120, kafin a wanke mai kala. A nan ne aka shiga neman jaka.

Masu hali sukan sayi ta kanti. A Amurka wani mai ɗaukar hoto na jarida, Jim Domke, ya fito da tasa ta tamfol a 1976, mai aljihuna daban-daban, kamfanin Lowepro kuma ya yi suna da jaka mai soso a ciki da wadda ake goyawa a baya. Amma fa mu wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya taɓa leƙa zabirar wanzami ya san aska da gidanta, ƙaho da nasa, ba a bari wani ya goga wani. Gafakar malami ma haka take tsare Alƙur'ani daga ruwa da ƙura. Saboda haka wanda bai iya sayen ta kanti ba, wajen baduku yake zuwa, ko tela ya ɗinka masa, a cusa tsohon bargo a ciki saboda gargadar hanya. A ganinmu ta badukun ta fi jure wahala, sai dai nauyi.

To, ina jakar take zuwa? Hawan Sallah, ɗaurin aure, ranar rabon sakamako a makarantunmu, sannan daji. An keɓe dajin Kamuku tun 1936 a ƙarƙashin En'e, aka mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, yana iyaka da Kuyambana ta Zamfara. Mai neman hoton giwa ko gwanki, ko na ruwan da ke gangarowa a Dogon Ruwa, dole ya yi tafiyar ƙafa, kuma a nan jakar goyo ta nuna amfaninta, don tana sakin hannuwa biyu.

Abin takaicin shi ne, lokacin da jakar ta kai matuƙar kyau, ba ta shan ruwa, ba ta da nauyi, lokacin ne 'yan bindiga suka mamaye dajin, hanyar Kaduna ta zama sai da rakiyar sojoji. Jaka mai kyau ta koma abin ɓoyewa, domin tana nuna mai ita ɗan jarida ne ko mai kuɗi. Shekaru suka shuɗe, hotunan Birnin Gwari da duniya ta gani na ƙonannun motoci ne. A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo ya sake buɗe kasuwar shanu bayan sulhu, masu hoto suka biyo shi da jakunkunansu a baya.

Tsofaffin jakunkunan kuwa suna nan rataye a ɗakunan magada, da ragowar fim a aljihunansu, wanda ke ɗauke da fuskokin iyayenmu da ƙauyukan da aka tasa. Ɗalibanmu da yawa ba su taɓa ganin hoton garin da aka haife su ba, gara da laima kuma suna ta cin fim ɗin kowace damina.