Gawon Magaria da Dungass: Wa Ya Raya Shi?

Ƙwayar gawo ba ta cika tsira don kawai ta faɗi ƙasa ba. Ɓawonta tauri gare shi, sai akuya ko saniya ta ci 'ya'yan, ƙwayar ta ratsa cikinta ta yi laushi, ta fito lulluɓe da taki. Bayan ta tsira ma, saiwarta na ƙulla zumunci da wasu ƙananan halittu masu tara mata naitirojin, da zaren naman gwari mai jawo mata abinci daga ƙasa.  Tarihin gawo a ƙasar Damagaram ya nuna akwai abokin tarayya na ƙarshe da ake yawan mantawa: manomin da hauyarsa ke iya sare tsiron ko ta kauce masa.

Za a ce ai tsoro ne ya tsare gawo, tunda ana ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa hukunci mai tsanani kan mai sare shi. To amma Faransawa ma sun kafa dokar daji a 1935, Nijar ta yi tata a 1974, itatuwa kuwa suka ci gaba da ƙarewa. Dokokin sun mai da itacen na gwamnati, manomi na biyan tara a kan abin da ke cikin gonarsa, don haka ya gwammace ya tumɓuke tsiro tun ma'aikacin gandun daji bai gan shi ba. Sai bayan farin 1984, da hannun hukuma ya yi sako-sako, aka rungumi sassaben zamani, ana barin tsiro ana rage masa rassa. Binciken da Mahamane Larwanou da abokansa suka yi a 2006 ya ƙiyasta kusan hekta miliyan ɗaya da suka sake yin itatuwa a Magaria da Matameye da Mirriah, lokacin Dungass na cikin Magaria.

Masu cewa dawowar damina ce ta yi aikin, su dubi hotunan sama na kan iyaka: ruwa ɗaya, ƙasa ɗaya, amma gonakin ɓangaren Nijar sun fi na Najeriya itatuwa. Duk mai shirin ceto wani tsiro a yankin nan, ya fara tabbatar wa manomi cewa itacen gonarsa nasa ne, ya kuma bar wa dabbobi hanyar shiga gona bayan girbi.