Narkewar Gishiri da Kanwa a Ruwa: Tasirin Zafi kan Ƙoshin Ruwa

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta narkewar gishiri da ta sodiyam kabonet, sinadarin da ke ba kanwa ƙarfinta, bisa alƙaluman da aka saba samu a teburan kimiyyar sinadarai. Hujjarta ita ce zafi ba ya shafar sinadaran biyu daidai, don haka kowanne da hanyar da yake bi ya koma daskararre.

Ruwa da abin da ya ɗauka

Abu yakan kasance daskararre, ko ruwa-ruwa, ko gas. Ruwa kansa yana zama ƙanƙara a digiri 0 na Selshiyos, yana kuma tafasa a digiri 100 a daidai doron teku. Idan aka jiƙa gishiri, ƙwayoyin ruwa sukan kewaye ayon na sodiyam da na kuloraid da suka haɗu suka zama gishirin, su raba su da juna. Svante Arrhenius, masani ɗan ƙasar Suwidin, ya bayyana wannan rabuwa a 1887, kuma ita ce ta sa ruwan gishiri ke ɗaukar lantarki alhali ruwan sukari ba ya ɗauka. Amma ruwa yana da iyaka. In ya ƙoshi, duk abin da aka ƙara sai ya kwanta a ƙasa.

Alƙaluma da abin da suke nufi

Giram 100 na ruwa yana narkar da gishiri kimanin giram 36 a digiri 20. Ko an kai shi ga tafasa, abin bai wuce giram 39 ba. Sodiyam kabonet kuwa daga kimanin giram 7 a digiri 0 yake hawa zuwa 21.5 a digiri 20, ya kusanci 49 a digiri 40.

Ke nan sanyaya ƙosasshen ruwan gishiri ba ya fitar da wani abin kirki. Sai an kori ruwan ya tashi tururi. Abin da ake yi ke nan a Bilma ta Jamhuriyar Nijar: ruwan gishiri yana taruwa a ramuka, rana ta sha shi, ɓawo ya taso a sama, masu aiki su fasa shi ya nitse domin tururi ya ci gaba da fita, daga baya a zuba gishirin a mazubi ya zama kantu. A ƙasar Manga kuwa ana tace ƙasa mai gishiri a dafa ruwan da itace, aiki mai cin makamashi, tunda kowane giram na tafasasshen ruwa yana buƙatar jul 2,260 kafin ya zama tururi. Paul Lovejoy ya bi tarihin wannan sana'a a littafinsa na 1986.

Kabonet bai dogara ga rana kaɗai ba. Ƙosasshen ruwansa in ya sauka daga digiri 40 zuwa 20, fiye da rabin abin da ya ɗauka zai fita ya daskare, ko da ɗigo ɗaya bai ƙafe ba. A ganin mai wannan nazari, darasin narkewa da ya tsaya ga misalin sukari a cikin shayi yana ɓoye wa ɗalibi wannan bambanci.

Sai dai kanwar kasuwa, ja ce ko fara ko ungurnu, gauraye ce ta kabonet da baikabonet da gishiri da ƙasa, saboda haka alƙaluman tsantsar sinadari ba za su hau kanta kai tsaye ba sai an auna kowane iri daban.